Kuɗin LEAP da tsofaffinmu na ƙauye

Da yawa daga cikinmu a unguwannin Aboabo da Sabon Zango muna da tsofaffi a ƙauyukan arewacin Gana masu karɓar kuɗin LEAP, tallafin da gwamnatin Gana ta fara a 2008. Duk wata biyu ake biya ta katin cire kuɗi na e-zwich, mai karɓa ya ɗora yatsa a na'ura. Ana duba gidajen talakawa masu marayu, naƙasassu, masu ciki, ko tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama, kuma ana yi musu rajistar inshorar lafiya ta NHIS kyauta. A ganinmu katin asibitin nan ma ya fi kuɗin amfani.

Kuɗin ba shi da yawa. Amma in ya zo a Yuni ko Yuli, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, yakan hana a sayar da akuya ko a cinye irin shuka. In ya makara kuwa, an riga an ci bashi.

Abin da ya fi damunmu shi ne yatsa. Fartanya takan goge zanen hannun manomi, na'ura ta ƙi karantawa, tsohuwa ta sha tafiyar banza cikin rana. A wanke hannu, a ɗan shafa man kaɗanya a goge, sannan a gwada wani yatsan.