Jirgin kamun kifi da muka sawo Yauri mu uku, bayan shekara biyu ga abin da na gani

Tun da na sa hoton jirginmu a Facebook mutane ke ta damuna da tambaya a inbos, wai nawa muka sawo shi, wa ya haɗa shi, in mutum na son shiga harkar ya shiga da wani ko ya sayi nashi shi kaɗai. To bari in zauna in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta, don wallahi na gaji da maimaitawa.

Da farko ni ba basarke ba ne, kar wani ya ɗauka gadon su na yi. Aikina na cikin garin Sakkwato, amma gidanmu na wajen Goronyo ne, kuma Kawuna ƙanen mahaifiyata tun yana yaro yake cikin ruwa. Shi ya kawo maganar, ya ce ɗan kwale-kwalen da yake da shi ya tsufa, kullum a bakin gaɓa yake ƙarewa alhali kifin kirki na can tsakiyar dam ɗin Goronyo. Mu uku muka haɗa kuɗi, ni da shi da wani abokina mai sayar da banda a Kasuwar Daji. Kashi uku daidai, ba takarda ba shaida, sai dai fatiha da aka shafa.

Jirgin a Yauri aka haɗa shi, kuma duk wanda ya san ruwa ya san mutanen Yauri ba a ja da su wurin wannan aiki, suna bakin Neja ga tafkin Kainji, sana'arsu ke nan kaka da kakanni. Ba zan faɗi sunan mai aikin ba don akwai inda zan yabe shi akwai inda zan ɗan taɓa shi. Na falanki ne, ba sassaƙen itace guda ba, yana ɗaukar mutum huɗu da taru da kwandunan kifi ba tare da ya nutsa baki ba. Abin da ya fara burge ni haƙarƙarin cikin ne, kusa-kusa ya jera su bai yi rowar katako ba, kuma duk mahaɗar falanki ya cusa auduga ya bi da kwalta sannan ya rufe da langa-langa ya jera ƙusoshi reras kamar ɗinkin tela. Kawu ya zagaya shi sau biyu yana ƙwanƙwasawa da bayan wuƙa yana kasa kunne, can ya ɗago ya ce min, ɗana wanga icce ya bushe kafin a yanka shi, mu biya. In Kawu ya ce a biya to a biya.

Inda ya ɓata min rai shi ne alkawari. Sati uku ya ce, sai da muka yi wata biyu da 'yan kwanaki, kullum ka kira gobe ne, ranar wai katako bai iso daga kudu ba ranar wai yaronsa na biki. Sannan katakon baya inda ake maƙala inji ya yi shi sirit, ko wata huɗu ba a yi ba ya fara tsagewa daga wurin maɗaurin, dole muka nemo kafinta a Goronyo ya ninka shi. In za ka ba da aiki ka faɗa masa tun farko da inji za ka yi amfani, kuma ka tsaya a kai ya kaurara wurin. Ga kuma kuɗin ɗauko shi da ba wanda ya sa a lissafi, daga Yauri a bi Koko, Jega, Tambuwal, a ratsa Sakkwato a nufi Achida har Goronyo, motar kaɗai ta ci abin da sai da muka sake karo-karo, ban da na shingaye kuma.

Amma a ruwa kam ba shi da laifi. Dam ɗin Goronyo ba gulbin wasa ba ne, ruwan Rima ne aka tare tun 1984, in iska ta taso da yamma igiyar ruwa na dukan jirgi kamar mutum ke marinsa, wannan ko ya zauna daram. Yoyo kaɗan ne, ɗan abin da za ka kwashe da rabin galan da safe. Shekara biyu sau ɗaya muka sake masa kwalta. Injin kuma Yamaha ne mai doki 15 irin wanda ake gauraya fetur da baƙin mai, na hannu muka saya kuma duk da haka ya fi jirgin kansa tsada nesa ba kusa ba, amma kowane makanike na bakin ruwa ya san cikinsa kuma kayan gyaransa ba sa wuya.

To yanzu maganar tarayya, wadda ita ce ainihin abin da kuke tambaya.

Wata shidan farko daɗi kamar me. Kawu da yaransa biyu ke shiga ruwa, in an fito a cire kuɗin mai, a ba masu aiki rabonsu, saura a kasa uku. Abokina ke kwashe tarwaɗa da karfasa ya yi banda ya kai Sakkwato, ni kuwa ina zaune ofis sai dai in ji alat. A raina na ce ashe haka kuɗi ke da sauƙi.

Rigimar farko a kan farashi ta taso. Abokina mai jirgi ne kuma shi ne mai saye, kun ga matsalar ai. Yana son kifi da araha don bandarsa, Kawu na son a kai wa dillalai a yi ciniki a sayar ga wanda ya fi tayi. Ranar da aka kamo wata ƙatuwar giwan ruwa, wadda sai da mutum biyu suka ciccibo ta, nan aka yi ta a bakin ruwa gaban jama'a, abokina na cewa ai da kuɗina a jirgin nan, Kawu na cewa to kuɗin naka su suka kwana cikin sanyi suna jan taru? Ni aka kira a waya in raba, ina tsakiyar aiki, wannan Kawuna wancan abokina tun firamare, wa zan ba rashin gaskiya don Allah.

Ta biyu inji. Da rani in an saki ruwa don masu noman rani gefen dam na ja baya sosai, ɗaya daga cikin yaran ya bi ta wurin da ba zurfi, injin ya zuƙi yashi, robar da ke tura ruwan sanyaya shi ta cinye, bai lura ruwa ya daina fitowa ta baya ba har ya yi zafi ya tsaya cak. Gyara ya tashi, sai aka dubi juna. Mun saba duk abin da ya shigo a rabe shi tas a ranar, ko sisi ba mu taɓa ajewa da sunan jirgi ba. Abokina ya ce wanda ya ɓata ya gyara, Kawu ya ce in haka ne ribar ma wanda ya kamo ya ci. Kwana goma sha tara injin na jingine a zaure an lulluɓe shi da buhu, jirgin kuma an jawo shi kan tudu rana na dukansa har falanki suka fara buɗe baki, wanda ko ni da ba ɗan ruwa ba na san jirgin katako a ruwa ake barinsa. A ƙarshe ni na biya don kunya, har yau ba wanda ya ce min ga naka.

Sai kuma mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 ta ci gaba da hawa, fita ɗaya in ba a dace ba kuɗin mai ma ba ya dawowa. Nan abokina ya kawo shawarar ranar Lahadi a riƙa ɗaukar 'yan kasuwar Goronyo da buhunansu don a rage asara. Kawu ya ƙi ƙememe, ya ce jirgin su daban na fito daban, kuma ba mu da rigar ruwa ko ɗaya. Har gaba suka yi kan wannan. Da wani jirgin 'yan kasuwar Goronyo ya kife a watan Agustan 2025 da mutum sama da hamsin a ciki, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ba wanda ya sake tada zancen.

Da ni kaɗai ne kuwa ba zan iya sayen jirgi da inji ba, wannan gaskiya ce, kuma ko na iya wa zai shiga min ruwan? Shi ya sa ba zan ce kar a yi tarayya ba. Amma da yau ne, mu biyu za mu yi da Kawu, mai saye ya tsaya a mai saye, a je gaban Sarkin Ruwa a faɗi sharuɗɗa a rubuta, kuma kason jirgi a fitar da shi kafin kowa ya taɓa nashi. Wanda kuma shi da kansa ke su, ina ganin gara ya sayi ɗan ƙarami nashi na filafili ya lallaɓa, inji ya biyo baya in hali ya yi.

Mai haɗa jirgin na ba shi maki huɗu cikin biyar, ɗayan na cire don jeka-ka-dawo da katakon baya. Abokina mun mayar masa da kasonsa bayan sallar layya, biya uku muka yi, muna gaisawa lafiya lau, kuma har yanzu wurin Kawu yake sayen tarwaɗa, sai dai yanzu layi yake bi da sauran dillalai.