Injin Yamaha Enduro 40: abin da mai kwale-kwalen teku zai duba kafin ya biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa zagaya bakin teku a Jamestown, ko Chorkor, ko tashar masunta ta Tema, duk a ƙasar Gana, zai lura cewa yawancin manyan kwale-kwale inji iri ɗaya suke ɗauke da shi, wato Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40. Mu mutanen zango da muka sa jari a harkar kamun kifi ba mu gaji teku ba. Ankarawa, wato 'yan ƙabilar Ga, da Fante ne suka gaje ta, namu shi ne sayen jirgi da koma da inji, sannan mu zauna a Nima ko Sabon Zango muna jiran rabo. A matsayin mai jirgi irin wannan nake rubutu, kuma ra'ayina shi ne injin ya cancanci kuɗinsa.

Kamfanin Yamaha na Japan ya fara ƙera injinan jirgin ruwa a 1960, kuma jerin Enduro an yi shi ne domin masu aikin yau da kullum, ba masu yawon shaƙatawa ba. Silinda biyu gare shi, girmansu a haɗe kimanin cc 700, ana tayar da shi da igiya, ana tuƙa shi da hannun da ke jikinsa. Irin injin nan ne mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai wuri guda, kuma a nan ne ya dace da ƙasar nan, domin man firimis da gwamnatin Gana ke bai wa masunta a kan farashi mai rangwame tun cikin shekarun 1990 a haɗe yake zuwa, an rina shi shuɗi don kada a karkatar da shi zuwa motoci. Injin zamani mai bugu huɗu ya fi shi tsimin mai da rashin hayaƙi, wannan babu gardama, sai dai ba a yi shi don shan man da aka gauraya ba, ke nan mai shi zai koma gidan mai ya saya a farashin kowa. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin saye, zai yi shi daga baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙin gyaransa. Babu kwamfuta a cikinsa, babu batirin da zai mutu a tsakiyar ruwa. Na sha tsayawa a kan makaniken da ke yi mana aiki a bakin teku, yana zaune a kan kututture, ya shimfiɗa buhu a kan yashi, ya kwance kafireta, wato sashen da ke gauraya mai da iska, ya jera ƙananan sassanta a cikin murfin robar fenti, ya wanke su da fetur, ya hura kowace ƙofa da bakinsa, kafin la'asar inji ya tashi a cikin durom ɗin gwaji. Abu na farko da yake dubawa bayan ya tashi shi ne siririn ruwan da ke tsartuwa ta baya, domin shi ne shaidar cewa famfon sanyaya inji yana aiki. Ya taɓa ce mini, "Alhaji, ranar da yaranka suka ga ruwan nan ya tsaya, su kashe inji ko da kifi na tsalle a gabansu." Gaskiyarsa ce, domin wata 'yar roba mai fukafukai ce ke tura ruwan, yashi yana cinye ta sannu a hankali, kuma idan ta lalace aka ci gaba da tafiya, zafi ne zai kama fistin, gyaran da bai kai ya kawo ba ya koma na sayen rabin inji.

Ƙarfinsa ya wadatar. Kwale-kwalen da aka sassaƙa daga itacen wawa, aka ƙara masa katako a gefe, aka loda masa koma jiƙaƙƙiya da jarkokin mai da mutane fiye da goma, ba ƙaramin nauyi ba ne, amma injin yana fitar da shi ta cikin igiyar ruwan da ke fashewa a gaɓa, inda jinkirin daƙiƙa kaɗan kan iya juya jirgi ya kife. A gefen jirgi ake ɗaura shi, a kan wani katako kusa da baya, saboda haka feshin ruwan gishiri ba ya barinsa dare da rana, kuma duk da hakan yana jurewa muddin ana wanke shi da ruwan daɗi, ana kuma canza ɗan ƙarfen nan da aka maƙala masa domin gishiri ya ci shi maimakon jikin injin.

Aibinsa babba shi ne shan mai. Idan aka buɗe masa wuta gaba ɗaya, yakan sha kusan lita 20 a awa guda, kuma tun da kifin amane, wato sadin, ya ragu a kusa da gaɓa, tafiyar ta ƙara nisa. A lokacin da ruwa ke sanyi daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da kifi ke tasowa, ana iya mayar da kuɗin mai a samu riba, amma a sauran watanni akwai fitar da kuɗin man kansa ba ya dawowa, kuma da yake akan cire kuɗin mai ne kafin a yi rabo, mai jirgi da ma'aikata duk suna ji a jikinsu. Idan firimis ya yi wuya a wurin kwamitocin bakin ruwa da ke raba shi, wanda hakan yana faruwa, wannan ƙishirwa ta injin ce ke ajiye jirage a kan yashi. Yana da ƙara, yana da hayaƙi, filogi kuma yana saurin yin baƙi idan aka daɗe ana tafiya a hankali. Nauyinsa ya ɗan haura kilo 70, wanda yake alheri ta wani gefe, tun da ƙarti biyu za su ciccibe shi zuwa ɗaki, amma ɓarawo ma da abokinsa za su iya.

Inda masu jirgi irina suka fi asara ba a injin ba ne, a kayan gyara ne. Farin jininsa ya sa jabun kayansa sun cika kasuwa, cikin kwali mai kama da na asali. An taɓa sayar mini da robar famfo da hatimin giya, wato robar da ke hana ruwa shiga giyar inji, a wani shago a cikin gari, da rantsuwar cewa na asali ne, ba a jima ba man giya ya koma fari kamar madara, alamar ruwa ya shiga. Tun daga nan makanike ne ke zuwa da ni sayayya, kuma a kan buƙaci rasit. Haka nan wanda zai sayi na hannu kada sabon fenti ya ruɗe shi. A duba lambar injin ko an goge ta, a kwance murfin man giya a ga launinsa, a gwada matsin kowace silinda, a kuma tayar da shi a sanyi, ba bayan mai sayarwa ya ɗumama shi ba.

Ranar Talata, da al'adar Ankarawa ta hana fita kamun kifi, ita ce ranar da na ware domin duba inji: a cire farfela a ga ko zaren koma ya nannaɗe a bayanta, domin shi ne ke yanke hatimi, a wanke tankin mai, a duba igiyar tayarwa ko ta fara sulɓewa. Akwai kuma wani abu da ingancin inji ba ya maye gurbinsa. Jirgin da ya yi nisan da ba a hango hasumiyar Jamestown mai haska wa jirage hanya, da inji guda ɗaya yake tafiya, saboda haka sharaɗina ga shugaban ma'aikatan jirgi shi ne ba a fita sai da filogi na ajiya, da sifana, da igiyar tayarwa ta biyu, da filafilai, da ruwan sha fiye da na tafiyar, da waya a cikin leda. Matasan jirgin sukan yi ƙorafi cewa kayan suna cin wuri, ni kuwa na gaya musu ko kwandon kifi guda za a rage, kayan nan ba za su sauka ba.