Wata takwas ina amfani da Google Keep a harkar rubutuna

Nace bari dai in faɗi yadda na sami manhajar nan, musamman saboda 'yan uwana marubuta da masu ɗinki da masu zane, duk mai aikin da sai kai ya natsu yake fita.

Manhajar ajiye gajerun rubutu da jerin ayyuka ce ta Google, tun 2013 take, kuma kyauta ce ko sisi ba a biya in dai kina da Gmail. Abinda ya fara burge ni ko babu data tana buɗewa ki rubuta abinki, netwok na dawowa ta adana da kanta, ranar da wayata ta faɗa bokitin wanki wlh ba abinda na rasa, na shiga ta wayar ƙanwata na tarar da komai yana nan.

Amma fa da farko na sha wuya kuma daga tsarina matsalar take. Sai in jera abu ashirin da wani abu a rana ɗaya, cefane, wankin yunifom ɗin yara, amsa saƙon masu karatu, tayifin, gyaran shafin jiya, can ƙasa kuma rubuta babi na 14. To akwai ɗan akwatin nan da in kin taɓa sai aikin ya koma ƙasa da layi a kansa, yana da daɗi sosai, sai na riƙa bin ƙananan ina kashewa ina kashewa, dare zai yi na gama goma sha biyar amma babin ko layi ɗaya ban saka ba. Sati biyu ina haka, abin ya dame ni ƙwarai don labarin nan yana raina kuma mutane na jira.

Sai na cire rubutu daga jerin kwata-kwata na ba shi lokacinsa, daga idar da sallar asuba da azkar zuwa shida da rabi kafin yara su tashi, littafi da biro kawai, wayar tana ɗaki. Na ma gwada tsarin Pomodoro na wani ɗan Italiya Francesco Cirillo, minti 25 aiki minti 5 hutu, wajen tayifin yana min amfani gsky, amma ina tsakiyar rubuta rigimar uwargida da amarya a labarin ƙararrawa ta kaɗa ai zaren ya tsinke kenan, shi yasa da asuba bana saka shi.

Yanzu Keep hidimar gefe take riƙe min, abu uku kacal nake maƙalawa a sama kullum. Sai kala rawaya da na ware wa dabarun labari, inda na fi sonta kenan, ina tuƙa tuwo magana ta faɗo min a bakin wata a labarin sai in danna makirfo in faɗa, daga baya in saurara.

Kar dai ki ce zaki zuba littafi guda a ciki, kowane rubutu iyakarsa wajen haruffa 20,000 ne, dogon abu Google Docs nake kaiwa. Kuma abinda kika goge kwana 7 yake yi a kwandon shara ya tafi gaba ɗaya, don haka ni tsohuwar dabara ajiyewa nake a ma'ajiyarta bana gogewa, babi na 22 ma daga wata murya da na ɗauka tun watan azumi ya fito.