Tudu, fenti ko fitila: me ya kamata unguwa ta saya don tsallaka titi a Tahoua?

Tun da aka shimfiɗa sababbin tituna a Tahoua lokacin bikin Tahoua Sakola na 2017, mota da babur sun samu sarari, gudu kuma ya ƙaru. Duk inda makaranta ko masallaci ko kasuwa suke bakin kwalta, sai ka tarar da yaro riƙe da allo yana leƙe dama da hagu, ɗan kabu-kabu na tahowa, bayansa ga babbar mota shaƙe da buhunan albasa. Idan mutanen unguwa suka haɗa kuɗi, abin da ya fi zuwa musu a rai shi ne fenti, don ya fi araha. Mu dai shawararmu a fara sa kuɗin a kan abin da ke tilasta wa direba ya rage gudu, sauran su biyo baya.

Dalilin yana cikin lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafar direba ta kai kan birki, kuma ba za ta tsaya cak ba sai bayan mita 27 ko 28. A gudun kilomita 30, wajen mita 13 sun ishe ta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar kilomita 30 a wurin da mutane da motoci ke cuɗanya. In akwai rairayi a kan kwalta, nisan tsayawar ya fi haka.

Mafi sauƙin samu shi ne tudun roba, baƙi da rawaya, wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kafe shi da kusoshi. Yini ɗaya an gama, ba a rufe hanya. Amma gajere ne, faɗinsa bai wuce rabin mita ba, don haka yana dukan babur da ƙarfi, mai babbar mota kuwa ko a jikinsa. Zafin bazara yana tausasa kwalta, kusoshin su yi sako-sako, gunduwa ɗaya ta fita. Daga ranar, duk wani mai babur ta wannan giɓin zai bi, ga kuma kan kusa a tsaye yana jiran taya ko ƙafar yaro. Ya dace da ƙofar makaranta a ƙaramin titi, ban da hanyar manyan motoci.

Tudun siminti da magini ke yi da ido, siriri mai tsini kamar kunyar gona, wannan kada a biya kuɗinsa. Yana fasa salansa, yana kifar da kayan amalanken jaki, yana wahalar da mai naƙuda a cikin mota, direbobi kuma su riƙa kauce masa ta gefen hanya, daidai inda masu tafiya a ƙasa suke. Ma'aunin Faransa, wanda injiniyoyi da yawa ke aiki da shi, ya ce tudu mai doro tsayinsa santimita 10 ne, tsawonsa kuma mita 4, yadda mota za ta hau a hankali ta sauka a hankali.

Wanda muka fi yarda da shi a wurin tsallakawa shi ne tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda mutane ke bi ta kansa. Tsayi santimita 10, saman ya kai mita 2 da rabi zuwa 4, gangara kowane gefe mita 1 zuwa 1.4. Amfaninsa biyu: mota na rage gudu daidai inda mutum yake, yaro kuma ya ɗan ƙara tsawo a idon direba. A titi mai faɗin mita 7, da sama mita 3 da gangara mita 1.2, kankaren da ke bisa kwalta kaɗai ya kusa mita kubik 3. Ana sa siminti kilo 350 a kowace mita kubik, wato buhu 7, jimla buhu 21. To amma nan ne masu arha ke cuta: in aka zuba kankare kai tsaye a kan kwalta, bakin gangarar yana zama siriri kamar faifai, tayar farko ta fara ɓantare shi. Dole a yanka kwalta a haƙa, kankaren ya samu kauri har bakinsa, wanda ke nufin simintin zai haura buhu 21 sosai. Duk maginin da ya kawo farashi ba tare da maganar haƙa ba, a tambaye shi. A yi rabin hanya, a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7 an rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, sannan a koma ɗaya rabin. A kuma bar wa ruwan damina mafita a gefe, matsattsiya yadda babur ba zai kutsa ba. In ba haka ba tudun ya zama madatsa, ruwa ya kwanta ya cinye kwalta.

Inda titi ke da faɗi sosai, a duba tsibiri a tsakiya, mai faɗin mita 2 in da hali, don tsoho ko mai goyo su tsallaka rabi su huta. Yana buƙatar alama mai ƙyalli a kansa, don kada a hau shi da dare.

Fenti yana da amfani, amma a kan tudu. Kowane zane faɗin santimita 50, tsawo aƙalla mita 2 da rabi. A nemi fentin hanya na ainihi, a watsa masa ƙananan ƙwayoyin gilashi tun yana ɗanye, su ne ke maido hasken fitilar mota. Fentin bango taya da rairayi suna goge shi nan da nan. Tsintsiya ma tana cikin kasafi, don iskar hunturu kan binne zanen.

Fitilun ba da hannu sun fi ƙarfin aljihun unguwa, kuma kula da su aikin hukuma ne. Fitila mai aiki da hasken rana ita ce unguwa za ta iya saya, musamman saboda lokacin magariba da isha'i. Abin dubawa shi ne batir: na lithiyam ya fi na darma daɗewa, sai a nemi takardar garanti a rubuce. A kafa sandar ƴan mitoci kafin wurin tsallakawa, ta ɓangaren da mota ke tahowa, don hasken ya faɗa jikin mutum ta inda direba ke ganinsa. A sa wanda zai riƙa goge farantin, ƙura na rage masa ƙarfi.

Kafin a sayi ko buhu ɗaya, mutum biyu su zauna bakin titin lokacin tashi daga makaranta da ranar kasuwa, su ga ta ina mutane ke bi da kansu, don ba wanda zai yi zagaye ya nemi zane. A roƙi mai tebur da mai ajiye mota su ja baya mita 5 daga wurin. Sannan mai unguwa ya kai takarda ofishin magajin gari. In titin na ƙasa ne, kamar hanyar Agadas ko wadda ta nufi Tsernaoua, izinin yana hannun ma'aikatar da ke kula da hanyoyi, kuma ana iya neman shawarar hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER. Tudun da aka gina ba izini ana iya rushe shi, kuma alamar gargaɗi sai ta riga tudun tsayawa, kimanin mita 50 kafin a iso shi ta kowane gefe.