Hodar fito da saiwa ta cancanci kuɗinta

Hodar nan mai IBA, wato sinadarin da ke sa yankakken reshe ya fito da saiwa, ta burge ni, musamman a kan reshen wardi mai wuyar kamawa. Nakan yanki reshe mai tsawon kamar santimita 12, daidai ƙarƙashin gaɓa, in tsinke ganyen ƙasa, in dangwala gindin a hodar, in kakkaɓe, sannan in dasa. Kaɗan ake so, in ta yi yawa tana ƙona gindin. Saiwoyin kuwa farare tas, zagaye da bakin yankan.

Inda na ga gazawa: takardar bayanin ba ta ce a riƙa zuba kaɗan a murfi ba, alhali jiƙaƙƙen reshe yana dunƙule hodar cikin kwalba.

Cikar ganye kuwa ba aikinta ba ne. Sai shukar ta kafu, ka tsinke kan tsiron da farce, rassa su fito ta gefe.