Zuma ko Sukari a Kayan Zaƙin Gargajiya?

Ana yawan tambayata wanne ya fi. Sukari ya fi araha, ga sauƙin awo, kuma yana sa abu ya yi ƙaras-ƙaras. Ita kuwa zuma tana ɗauke da ruwa kusan kashi 17 cikin ɗari, shi ya sa abin da aka haɗa da ita yake kwana biyu da laushinsa da ƙamshinsa. Sai dai tana saurin ƙonewa. Kina juya baya gindin tukunya ya yi baƙi, ɗaci ya shiga, don haka a rage wuta. Kuma kada a ba jaririn da bai shekara ba.

Mai yi da yawa don taro, sukari ya fi mata. Mai yi wa iyali ɗan kaɗan, tana marmarin ɗanɗanon hannun kaka, ta nemi zuma marar haɗi.