Wayar hannu mai Android 6 ko sabuwa mai Android 14

Malam, tsakanin babbar wayar hannu mai Android 6 da aka yi maka tayi a nan garin Tawa da ƙaramar sabuwa mai Android 14, sabuwar za ka ɗauka, tunda gargaɗin rashin tsaron shafin intanet ne ya ishe ka.

Kowace waya tana zuwa da jerin hukumomin da ta amince da takardun shaidar tsaro da suke ba shafuka, kuma idan shafi ya gabatar da takardar da ba ta san tushenta ba, sai ta hana ka shiga. Shafuka masu ɗimbin yawa suna karɓar takardarsu daga wata hukuma mai suna Let's Encrypt, wadda tushenta mai suna ISRG Root X1 bai shiga jerin Android ba sai daga 7.1.1. Dabarar da aka yi domin tsofaffin wayoyi su ci gaba da aiki ta ƙare ranar 30 ga Satumba 2024. Daga Android 14 kuwa, ana iya sabunta jerin ta hanyar Google Play.

Ni ƙaramar Tecno nake riƙe da ita. Lokacin da ɗiyar maƙwabcina take cika takardun neman gurbin karatu, wayar gidansu ta yi ta nuna mata jar alama, ga wa'adi ya matso. Ta zo da hotunan takardunta, shafin ya buɗe a tawa nan take, muka aika komai kafin kiran magariba.

Tsohuwar wayar da aka yi maka tayi dai tana da faɗin fuska da kyamara mai kyau, kuma tsohon Firefox (manhajar shiga intanet ce), da yake yana da nasa jerin, yana rage matsalar wajen buɗe shafuka, ko da yake sabonsa ya daina aiki a Android 6 tun 2025, amma yawancin sauran manhajoji da jerin wayar suke aiki.

Ka kiyayi masu sayarwa da ke cewa matsalar rezo ce, wato sabis ɗin layi, ko su ce filashin, wato sake zuba wa wayar manhaja, zai gyara ta, domin kuɗinka kawai za su ci. Ka duba lambar Android da idonka, ka tabbatar kwanan wata da agogon wayar daidai suke, saboda kuskurensu ma yana jawo wannan gargaɗi, sannan ka buɗe shafuka da layinka kafin ka biya. Duk shafin da ya nuna gargaɗin, kada ka rubuta lambar sirrinka a cikinsa.